Sisin Kwabo Mai Auduga

A shekarar da aka sauya fasalin naira, kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a, a shekarar ne maƙwabcina ya ari sisin kwabo a wurina. Duk wanda ka gamu da shi a Barnawa a lokacin, ko dai daga layin banki yake ko can ya nufa, masu POS kuwa sai yadda suka ga dama. Mutane na neman sabuwar takardar dubu ido rufe, ni kuma ina zaune a ɗaki da kwabban da suka daina sayen ko ashana tun da daɗewa. Wata safiya Hajiya, mai ɗakina, ta leƙo ta ce, "Malam, gidan nan cike yake da kuɗi, na cefane ne kawai babu." Gaskiya kuwa ta faɗa.

Son tsofaffin kuɗi a wurin mahaifina na samo shi, Allah ya jiƙansa. Yana da wani gwangwani da yake zuba anini da kwabo mai huji na zamanin Turawa, kuma a jikinsu akwai rubutu da haruffan Larabci. Na iya ajami tun kafin in san boko, saboda haka nakan zauna in yi ta haɗa baƙaƙen da ke jikin kwabon kamar ina biya allo. Bayan na yi ritaya daga koyar da Larabci, wani tsohon abokin aiki ya saka ni a zauren masu tara tsofaffin kuɗi a waya. A nan na fara jin labarin wani irin bugu da masu sayarwa ke kira furuf. Ni dai bugun madubi nake ce masa. Ba don kashewa ake buga shi ba, don ajiya ne. Ana goge ƙarfen bugun har ya zama kamar ruwa, a buga kwabon a hankali, sai filinsa ya fito kamar madubi, hoton da ke tsakiya kuma ya fito da ɗan kaushi kamar an barbaɗa masa gari. Lokacin da aka fito da naira da kwabo an buga 'yan kaɗan irin wannan, guda biyar a jere, kowanne da arzikin ƙasa a bayansa: gyaɗa, kwakwar manja, koko, man fetur, sai ƙaraminsu, sisin kwabo na tagulla, mai ɗauke da auduga.

A ƙasashen waje akwai kamfanonin da ke duba irin waɗannan kuɗi su ba su maki, su rufe su cikin roba mai hatimi. Wanda aka yi wa haka, ka san abin da ka saya, amma kuɗinsa ba na ɗan fansho ba ne. Irinmu sai mu sayi wanda ba a duba ba, wanda ba shi da wata shaida sai hoton da mai shi ya ɗauka da kuma bakinsa. Da farko abin ya dame ni ta fuskar addini, har na je na tambayi wani malami da ya fi ni sani. Ya ce kuɗin da aka daina kashewa ya zama haja kamar kowace haja, kuma sayen abin da ba ya gabanka ya halatta idan an siffanta maka shi, sai dai in yi hattara da siffar. Hattara da siffar nan ita ce duk aikin. Ɗaya bayan ɗaya na tara biyar ɗin nan, an cuce ni a wasu, na dace a wasu. Sisin kwabon shi ne ya fi ba ni wuya, domin tagulla ba ta da haƙuri. Nawa ya tsufa da kyau: ya yi duhu kamar zuma, gefensa na ɗaukar shuɗi-shuɗi in an juya shi, madubin kuma yana nan a ƙarƙashin launin.

Maƙwabcin nawa mutumin Binuwai ne, Tibi, Kirista, ya ɗan girme ni. Ya shiga masaƙa a Kakuri yana saurayi, bai fita ba sai da aka rufe ta, kuma ya kai foman a sashen duba yadi, shi ya sa duk layinmu Foman muke ce masa. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Haƙƙinsa na sallama bai fito duka ba, da hayar ɗakuna biyu da ɗan shagon matarsa suke rayuwa. Da yake mahaifiyata Bafulatana ce, mu abokan wasa ne, don akwai wasa tsakanin Fulani da Tibi. In na fito da safe na gan shi a kan benci nakan ce, "Foman, ina shanun kakana da aka ba ku ajiya?" Shi kuma ya shafa ciki ya ce, "Suna nan lafiya, Malam, suna gaishe ka."

Wata rana ya same ni ina duba kwabban a bakin taga. Na nuna masa su ɗaya-ɗaya, kowanne cikin 'yar robarsa mai murfi. Da ya zo kan mai audugar sai ya tsaya a kansa. Ya ce albashinsa na farko da sababbin kuɗin nan aka biya shi, kuma ya tuna wani tsohon masaƙi ya ɗaga irin wannan a bakin ƙofar masaƙa yana cewa, ga shi gwamnati da kanta ta san da mu. Tsofaffin ma'aikata za su yi taronsu ranar Asabar, yana so in ara masa ya nuna musu.

"Ba a buɗe robar," na ce. "Ba a taɓa fuskarsa. Ko numfashi ba ya so."

"To, amarya ce?"

"Ta fi amarya. Amarya in ta yi fushi tana hucewa."

Ya yi dariya ya sa a aljihun gaba ya maɓalle. Ya kai taron, ya nuna, babu wanda ya buɗe. Washegari da sassafe aka kira shi gaisuwar mutuwa a Gonin Gora, sai ya ajiye a kan tebur ya ce wa matarsa ta miƙo mini in ta dawo daga coci.

Madam, kamar yadda muke kiranta, mace ce mai tsabta har ta wuce misali. Tana cikin matan da ke goge farantan tagulla na cocinsu duk mako. Kuma a wurinta, kamar a wurin iyayenmu mata, abin kunya ne ka mayar da kayan aro yadda ka karɓo shi. In ta ari tukunyar Hajiya, tukunyar kan dawo ta fi sabuwa haske, da 'yar doya ko lemo a ciki. Da ta ga kwabon ya yi duhu, sai ta ɗauka hannuwan tsofaffin nan ne suka ɓata shi a wurin taro. Ta sa farce ta buɗe robar. Ta fara da toka da lemon tsami, ta gama da man goge tagulla da tsumma.

Bayan la'asar ta yi sallama. Ta miƙo mini shi a kan ɗan faranti, an rufe da adiko, ga lemo a leda.

"Baba, ga kuɗinka. Na sha wuya kafin ya fito, amma ka gani."

Na gani. Ya yi ja wur kamar sabuwar waya ta lantarki. Hasken ya hau kan audugar, ya hau kan haruffa, ko'ina iri ɗaya, filin kuma ya cika da zane-zane kamar gindin tukunya. Na yi salati a zuci. Na ce, "Sannu da aiki, Madam. Allah ya saka." Ta tafi tana murna.

Na so maganar ta tsaya nan, amma Foman ya dawo ya tambaya ko saƙo ya iso, kuma tun a gida matar ta ba shi labarin wuyar da ta sha. Ya shigo ko zama bai yi ba ya ce in nuna masa. Ya daɗe yana kallo.

"Yana gyaruwa?"

"A'a. Abin da aka kankare ya tafi."

"Nawa ne?"

"Foman, na yafe. Da kyakkyawar niyya ta yi. Laifin ma na wanda bai yi mata bayani ba ne, mu biyu ke nan."

"Ban tambaye ka laifin wa ba. Na ce nawa ne."

Na ƙi faɗa. Na ce mai abu yana da ikon ya yafe, kuma na yafe duniya da lahira. Ya ce, "Lahira tsakaninka da Allah ne, Malam. Ni a duniya na ara." Da ya ga ba zan karɓi kuɗi ba sai ya ce to zai nemo irinsa, kuma kada in ƙara ce masa na yafe, don ji yake kamar ana ba shi sadaka.

Daga ranar zaman benci ya mutu. Mukan gaisa, amma gaisuwar mutanen da suka haɗu a asibiti. Madam ta daina shigowa wurin Hajiya, in za ta shago ma ta bayan layi take bi. Wata safiya wani mai shayi da ya saba jin wasanmu ya hango shi ya ɗaga murya, "Foman, an ce bayan shanun har kuɗin Malam kun taɓa!" Mutane suka yi dariya. Foman ya ajiye kofinsa da sauran shayi a ciki ya tafi.

Bai yi shawara da ni ba ya shiga neman. Wani ɗan hayarsa ya nuna masa shafukan da ake sayar da irin waɗannan kaya, ya ga hoton sisin kwabo yana walƙiya a kan baƙin ƙyalle, an rubuta furuf da manyan baƙaƙe, ya tura kuɗi Legas. Saƙon ya zo ta mota, ya je Sabon Tasha ya karɓo, ya kawo mini da hantsi yana ta haki.

Na shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur a bakin taga, na ɗauko gilashin ƙara girma da nake karanta tsofaffin takardun ajami da shi. Ban daɗe ba. Kwabon kashewa ne na yau da kullum, an sa shi a injin gogewa. Na nuna masa yadda bakin haruffan ya mulmule maimakon ya tsaya da kaifi, da yadda baƙin datti ya maƙale a lungun da injin bai kai ba, da yadda gefen kwabon ya yi kwana kamar bakin cokali, alhali na bugun madubi a miƙe yake kamar an yanka da reza. Na ɗauko mai koko, wato na kwabo biyar, daga cikin nawa na kara takarda mai rubutu a gabansa, rubutun ya fito a filin ana karantawa. Na kara a gaban nasa, sai inuwa kawai.

"Wato aikin matata aka sayar mini," in ji shi.

"Nata ya fi tsabta."

Bai yi dariya ba. Ya kira mai kayan, waya ba ta shiga.

Bayan wannan ya sake turawa wani wuri, kayan ma bai zo ba sam. A nan ne Madam ta aiko wa Hajiya magana ta bakin wata maƙwabciya, cewa kuɗin hayar ɗaki guda ya tafi a kan abin nan, kuma ya fara taɓa jarin shago, a taimaka a yi masa magana. Na same shi a ƙofar gidansa na ce, "Ka hana ni yafewa, na bari. Amma ba zan zuba ido 'yan damfara su ci gidanka da sunana ba. In za ka saya, ka kawo hoton mu gani tare kafin ka tura ko sisi." Ya ce ba a taɓa yin mai bin bashi ya raka wanda yake bi kasuwa ba. Na ce ai ni zan karɓa, gara in gani tun a kasuwar. Ya juya maganar a ransa, ya ce to.

Haka muka koma zama tare, amma zaman aiki. Yakan zo da hantsi da wayarsa, mu buɗe hoto mu ja shi da yatsu har ya fashe. Na koya masa abin da asara ta koya mini. Hoton da haske ya yi wa yawa har filin ya zama fari fat, ana ɓoye wani abu ne. Hoton da aka ɗauka daga nesa, ko fuska ɗaya kawai, haka. Mai sayarwar da ya cika rantsuwa, a bar shi. Abu mafi muhimmanci shi ne a roƙi ɗan bidiyo, a riƙe kwabon ta gefe a juya shi a hankali a gaban haske guda ɗaya, domin siraran layukan da tsumma ke bari ba sa fitowa sai haske ya zo musu a karkace. Sukan taso gaba ɗaya kamar gashi, su ɓace in an ƙara juyawa. Foman ya ce haka suke yi da yadi, ba a duba shi gaba da gaba, sai an kwantar da ido a gefe. Na nuna masa bambancin layin da ya zo daga ƙarfen bugu, wanda yake tasowa sama kuma ya shige ƙarƙashin harafi, da layin gogewa, wanda yake nutsewa kuma ya hau kan harafin. Wannan na san shi tun daga takardu: karcen alƙalami daban, karyewar takarda daban. Sai tabon yatsa, wanda a tagulla ba ya fita har abada, da ɗigon kore da roba mai laushi ke haifarwa.

Da yawa daga masu sayarwa in ka ce bidiyo sai su yi shiru. Wani ya ce mana shi ba ɗan fim ba ne. Na ƙasashen waje kuwa katin banki ya daina biya musu, sai an bi ta hannun wani, kuɗin aikowa kuma ya ninka na kayan. Damina ta shigo ta same mu a haka.

Akwai wani kwabo da ya kusa dacewa. Daga Ibadan ne, bugun madubi na gaskiya, launinsa mai kyau, bidiyon ma an turo, sai dai a cikin ɗaki mai fitilu da yawa aka ɗauka. Na ce ina da shakka, amma ban ga aibi ba. Foman ya tura. Da ya iso na juya shi a bakin taga, sai ga su: layuka sirara a filin, daga hagu zuwa dama, bisa kan audugar. Wani ya taɓa share shi da gefen riga, sau ɗaya tak wataƙila, shekaru da suka wuce.

Na ɗaga kai na ga yadda yake kallona. Ya rame a watannin nan. Kalma ɗaya ce za ta sallame shi, kuma babu wanda zai sani sai ni da Allah.

"Wannan ya fi na baya nesa ba kusa ba," na ce.

"Ba ita na tambaya ba."

"Ni dai ya yi mini. Zan karɓa da farin ciki."

"Malam. Kamar naka ne, ko ba kamar naka ba?"

Na ajiye kwabon a gabansa. Ya karɓi gilashin, ya riƙe kwabon ta gefe yadda na koya masa, ya kwantar da kai. Ya juya, ya dawo, ya sake juyawa. Ya ajiye.

"Da ka ce eh," in ji shi, "da na daina gaishe ka."

Wannan mai kayan mutumin kirki ne, ya karɓi abinsa ya mayar da kuɗin, kuɗin mota kawai aka yi asara. Amma na fara tunanin abin ba zai ƙare ba, har na sa shi cikin addu'a bayan salla, ina jin nauyin roƙon Allah a kan sisin kwabo, sai na tuna ba kwabon nake roƙo ba.

Wajen ƙarshen damina wani a zauren waya ya turo hoto ya ce wata tsohuwa ce a Jos take kwashe kayan mijinta da ya rasu, tsohon ma'aikacin banki, tana tambaya ko waɗannan suna da amfani. Hoton ya fi kowanne muni. Ya yi duhu, hannu ya girgiza, an ɗora abin a kan tabarmar roba mai furanni, har da ƙafar kujera a ciki. Amma na ga kwalin asali ne, mai gurabe biyar, murfinsa ya tsage, uku sun ɓace, saura kwabo ɗaya da sisin kwabo. Foman ya ce wannan ai ko fuskar ba a gani. Na ce shi ya sa na fi yarda da shi: wanda bai iya ɗaukar hoto ba bai iya ɓoye aibi ba. Tsagewar ce ta dame ni, domin ta nan iska da danshi ke shiga.

Muka karɓi lamba muka kira, a tsakar gidan Foman, don a nan waya ta fi kamawa. Tsohuwar ta yi mana bidiyo a bakin ƙofa kamar yadda muka roƙa, kwalin gaba ɗaya take juyawa. Madubin yana nan. Launin ya fi nawa na da duhu kaɗan. Layi ban gani ba, amma ta cikin tsagaggen murfi ba a rantsuwa. Ta faɗi kuɗin da ko na buhun gawayi bai kai ba. Na ce mata, "Mama, ya fi haka," na gaya mata abin da ake sayar da irinsa wanda ba a duba ba. Foman ya harare ni, sannan ya gyaɗa kai. Ta yi ta godiya, ta ce tunda haka ne bari ta fito da su ta ɗan wanke kafin ta aiko, don sun yi baƙi, kunya take ji.

Foman ya miƙe tsaye. "Mama! Don Allah! Kada ki taɓa! Mama, kina jina?"

Tsohuwar ta ce ai ba komai, ɗan omo ne kawai da soso.

Ashe Madam tana bakin madafa tana jin komai. Rabon da ta tsaya inda nake tun ranar faranti. Ta goge hannu a zani ta zo ta karɓe wayar daga hannun mijinta. "Kawo nan. Kai in kana ihu wa zai gane?" Ta koma gefe ta gaishe da tsohuwar a natse, ta yi mata ta'aziyya, sannan ta ba ta labarin toka da lemon tsami tun daga farko, ba ta rage komai ba. Muna jin tsohuwar tana cewa, "Wayyo, 'yata. Wayyo." Madam ta ce ta naɗe kwalin yadda yake, da ƙurarsa, cikin tsohon ɗankwali, ta sa a kwalin takalmi. Da ta gama ta miƙa wa mijin wayar, ta dube ni ta ce, "Baba, ina wuni," ta koma madafa.

Saƙon ya iso ta motar Jos. Foman bai buɗe ba sai a gabana, kuma ya ce a kira Hajiya da Madam su tsaya. Na wanke hannu na shanya, na ɗaga murfin a hankali, na fito da sisin kwabon ta gefe. Na yi bisimilla na juya shi a hasken taga. Na juya ta kowace fuska, na kifa, na sake. Filin a share yake, babu layi ko ɗaya. Audugar na nan da kaushinta. Gefen da kaifinsa. A ƙasa, kusa da baki, daidai inda tsagewar take, akwai ɗigo baƙi ɗaya kamar kan allura.

Na nuna masa ɗigon kafin ya tambaya. Ya duba da kansa.

"Naka yana da irin wannan?"

"Babu. Amma nawa yana da ɗan dusashewa ta gefen hagu, wannan ba shi da ita. In aka ɗora su a sikeli, ban san wanda zai rinjaya ba."

"Kada ka yi mini wa'azi. Ya biya ko bai biya ba?"

"Ya biya."

"Ka faɗa su ji."

Na juya wajen matan na ce, "Ku shaida, Foman ya ari sisin kwabo a wurina, ya mayar mini da kamarsa. Ba na binsa komai." Hajiya ta ce alhamdu lillahi, ita dai a ƙarshe za ta samu mai ara mata turmi. Madam ta rufe baki da gefen zani.

Kwabo ɗayan da ya zo tare, mai hoton man fetur, na ce ya riƙe, ya ce me zai yi da rijiyar mai, in saya in ina so. Na saya a kuɗin da ya dace, na ba shi a take. Na sa sisin kwabon cikin robarsa na danna murfin. Foman bai tashi ba, ya miƙo tafin hannu.

"Saura nawa."

"Wane naka?"

"Wanda aka goge. Tunda na biya, ai ya zama nawa."

Na buɗe akwati na ɗauko masa. Ya karɓa da yatsu biyu a tsakiyar fuskar, ya hura masa iska, ya goga a hannun rigarsa, ya jefa a aljihu tare da makullai. Sannan ya ce wa matarsa su tafi, rana ta yi, ba a buɗe shago ba.